Aljanun Ailan Suna da Adireshi, Namu Fa?

Shekarata shida ke nan a Mullingar, wani gari da ke tsakiyar ƙasar Ailan, ina aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. Wata ranar Laraba 'yata ta dawo daga makaranta da wani siririn littafi mai hotuna, wai malamarsu ta ce a karanta tare da iyaye. Na ce ta karanto ina ji, ni kuwa ina yanka albasa. Allah ya taimake ni da albasar nan, don da hawaye suka zo na sami abin fakewa.

Labarin 'ya'yan Lir ne. A nan duk yaron da ya shiga firamare ya san shi, kamar yadda muka san Gizo da Ƙoƙi. Wani basarake ne cikin mutanen ɓoye, sunansa Lir, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya huɗu: babbar mace, Finula, da ƙannenta maza uku, Aodh da tagwaye Fiyakra da Kon. Sai aka yi abin da mu ma muke yi a gida, aka ba shi 'yar'uwar marigayiyar ta maye ɗakin, da tunanin wa zai riƙe marayu da amana ya fi ƙanwar uwarsu. Sunanta Aoife ake rubutawa, amma Ifa ake faɗa, haka rubutun yarensu yake, sai ka yi haƙuri da shi. Da farko ta so yaran. Daga baya kishin yadda uban ke ji da su ya ci ranta, ta kai su bakin tafki ta ce su yi wanka, ta taɓa su da sandar tsafi suka rikiɗe suka zama suwan, wani farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya da ya fi dinya girma. Ta yanke musu shekara 900: 300 a tafkin Derravaragh, 300 a tekun Moyle da ke tsakanin Ailan da Sikotlan, 300 a gaɓar yamma wajen Mayo. Murya kawai ta bar musu, suna magana suna waƙa. Ita kuma hukuncinta, aka mayar da ita aljanar iska, tana yawo a sararin sama har abada. Da 'yata ta zo nan na ce a raina, ashe su ma da iska suke haɗa aljanu.

Inda ya karya mini zuciya shi ne tekun Moyle. Guguwa ta tarwatsa su cikin dare, Finula ta isa kan dutsen da suka yi alkawarin haɗuwa ita kaɗai, ta kwana tana jira. Da gari ya waye ƙannen suka riƙa isowa ɗaya bayan ɗaya, a jiƙe, sanyi ya kusa kashe su. Ta sa Kon ƙarƙashin fiffikenta na dama, Fiyakra na hagu, Aodh kuma ta rufe shi da gashin ƙirjinta. A ƙarshe, bayan sun ji ƙarar ƙararrawar wani malamin coci, asirin ya karye, suka dawo mutane amma tsofaffi tukuf, fata ta yamutse. Abin da Finula ta roƙa kawai shi ne a binne su a kabari ɗaya, a jera su yadda ta saba rufe su.

Ranar Asabar 'yata ta matsa sai mun je mun ga tafkin. Na yi dariya, na ce ai tatsuniya ce. Ashe tafkin yana nan, bai kai tafiyar rabin sa'a daga gidanmu ba a mota. Muka tsaya a bakinsa iska na kaɗa mini hijabi, ga ruwa baƙi ƙirin, ga tsuntsayen nan farare suna iyo abinsu. Yarinya ta ƙirga su ta ce, “Umma, sun fi huɗu, sun haihu ke nan?” A Dublin ma, a lambun tunawa da waɗanda suka mutu wajen neman 'yancin ƙasar, akwai ƙaton sassaƙen tagulla na yaran nan suna rikiɗa, aikin Oisín Kelly, an kafa shi a 1971. Ƙasa guda ta ɗauki tatsuniyar marayu ta mayar da ita madubin tarihinta.

Daga nan na faɗa karatun ƙagaggun labaran da ake ginawa a kan irin waɗannan tatsuniyoyi, ina aro a laburaren gari, ina karantawa a aikin dare idan tsofaffina sun yi barci. Salon nasu ɗaya ne: a ɗauki wani zamani na gaskiya, misali lokacin da 'yan Viking, maharan arewacin Turai, ke kai hari ta teku, ko lokacin da addinin Kirista ke shigowa, bokayen gargajiya na ja da baya, a zuba mutane masu jini da tsoka a ciki, sannan a bar mutanen ɓoye su riƙa shiga suna fita kamar maƙwabta. Juliet Marillier, wadda haifaffiyar New Zealand ce, a 1999 ta ɗauki wata tatsuniyar Jamusawa ta 'yan'uwa maza shida da aka mayar suwan, ta dasa ta a dazukan Ailan na da. Ƙanwarsu ce za ta cece su, da sharaɗin ba za ta furta ko kalma ɗaya ba har sai ta saƙa musu riguna shida da wata ciyawa mai ƙaya da ke farfasa hannu. Akwai soyayya a irin waɗannan littattafai, amma ba ita ce ginshiƙi ba. Ginshiƙin shi ne me za ka iya jurewa saboda wanda kuka sha nono ɗaya.

Ban yi mamakin yadda wannan jigo ya kama mutanen nan ba. A yunwar da aka yi daga 1845 zuwa 1852, kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka tsallaka teku. Yadda ake tafiyar kuwa, babba ya fara zuwa Amurka, ya yi aikatau, ya turo kuɗin jirgin na biye da shi, shi ma ya turo na na bayansa. Wata tsohuwa da nake jinya, ta haura 90, ta ce mini su tara ne a ɗakinsu, biyu kaɗai suka tsufa a Ailan. Duk wanda ke tsayawa layin tura kuɗi gida a ƙarshen wata ya san wannan labari ba sai an fassara masa ba.

To, ga inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na tashi a Zariya ina karanta littattafan yaƙi na Hausa, irin waɗanda muke haya a shago, masu sadaukai da matsafa da aljanu masu kai bakwai. Na ji daɗinsu, ba zan yi butulci ba. Amma a ina ake yin yaƙin? A birnin Kisra, a ƙasar Sin, a Misra, ko a wani birni mai sunan Larabci da babu shi a taswira. Jaruman ma sunayensu na can ne. Ni da nake hango Kufena daga ƙofar gidanmu, ban taɓa karanta labarin da aljani ya sauko daga kansa ba. Dala na nan da labarin Barbushe da Tsumburbura. Rijiyar Kusugu na nan a Daura, har yau ana ɗiban ruwanta. Ga Turunku, ga ganuwar da ake jingina wa Amina, wadda aka ce ta yi shekaru tana jan rundunar ƙaninta Karama kafin sarauta ta zo hannunta. Wace irin yaya ce wannan, me take ji idan ta durƙusa gaban ƙaninta tana gaisuwa bayan ita ta ciwo yaƙin? Wannan kaɗai littafi ne. Aljanun Ailan kowanne da tudunsa da tafkinsa, za ka iya shiga mota ka je. Namu mun kwashe su mun kai su gudun hijira.

Kuma ba haka muka fara ba. A gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya daga Zariya, Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, wanda ya soma da yaƙin Kwantagora da Turawa, tarihi tsagwaronsa, kafin jarumin ya faɗa duniyar aljanu. Ƙaninsa Abubakar Imam shi ya rubuta Ruwan Bagaja a gasar. Wa da ƙani suka buɗe mana ƙofar nan, muka bi ta gabas muka manta da ta gida.

Na san dalilin, kuma ban raina shi ba. Tsoron shirka ne. Idan ka ajiye matsafi a birnin da babu shi, ba wanda zai ce kana tallar bori. Idan ka ajiye shi a gindin tsamiyar unguwarku, sai an tambaye ka. Amma mutanen nan ma masu addini ne suka adana musu nasu. Malaman coci ne suka zauna suka kwafe labaran jahiliyyarsu a kan fata. A wani kundi na ƙarni na 12 da ke ajiye a jami'ar Trinity a Dublin, magatakardan da ya gama kwafe babban labarin yaƙinsu ya ƙara 'yan layuka da Latin a ƙarshe, yana cewa shi fa bai gaskata duk abin da ke ciki ba, wani ruɗin shaiɗanu ne, wani ƙirƙirar mawaƙa, wani kuma don wawaye su ji daɗi. Ya wanke kansa, amma bai yaga takardar ba. Da na karanta wannan sai na tuna kakata, wadda ba ta tashi daga tatsuniya sai ta ce ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Dabarar ɗaya ce, mun riga mun mallake ta tun kaka da kakanni.

Wani abin da ya ba ni haushi da dariya lokaci guda: kundin tatsuniyoyin Hausa na Frank Edgar, mujalladi uku, tsakanin 1911 da 1913, a Belfast aka buga shi, a kan wannan tsibirin da nake zaune. Su kuma mutanen Ailan daga 1937 zuwa 1939 suka tura yaran makaranta sama da 50,000 su je wurin kakanninsu su rubuto tatsuniya da camfi da magani da waƙa, aka tara shafi kusan 740,000. Yau suna intanet, mutum na iya nemo rubutun hannun kakarsa. Mu kuwa tsofaffinmu na tafiya da nasu ɗaya bayan ɗaya.

Ba komai na littattafan nan nake haɗiyewa ba. Kusan kullum mace ce ke ɗaukar wahalar, ita ce mai yin shiru, ita ce mai farfasasshen hannu, mazan suna can suna shawagi. Mu da aka raina da “yi haƙuri” safe da yamma ba mu da ƙarancin wannan darasi, kuma ba na son 'yata ta ɗauka bakin mace a rufe shi ne maganin kowace masifa. Sannan amanar tasu mai sauƙi ce ta wani gefen, domin duk 'yan ɗaki ɗaya ne. A nan ne nake ganin mun fi su kayan aiki. Dubi harshenmu kawai: ɗan'uwa, wato ɗan uwa, shi ne rabin jiki. Ɗan uba kuwa, kalmar da kanta ta zama sunan gaba, har muna cewa 'yan ubanci. Labarin kafuwar ƙasarmu ma a kan haka ya tsaya, Bawo ɗan Daurama da Karɓagari ɗan Bagwariya, uba ɗaya, ɗaki biyu. Basasar Kano ta 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, jikokin Dabo ne suka juya wa juna takobi. Marubucin da zai sa ɗan uba ya tsaya wa ɗan ubansa a gaban aljani da gaban sarki, alhali uwarsa na ɗaki tana zuga shi, ya taɓo abin da ba na jin wani marubucin Ailan zai iya taɓowa.

Na faɗi haka ne don na gani. Ina shekara bakwai mahaifiyarmu ta rasu ta bar mu mu uku. Wadda ta rufe mu ba ɗakinmu ɗaya ba, ɗiyar uwargida ce, kishiyar mahaifiyata, kuma tsakanin iyayen namu mata ba a ga maciji. Yaya tana da shekara goma sha biyar lokacin. Da sanyin hunturu takan bar ɗakin uwarta ta zo namu da bargonta, ta sa ƙanina a dama, auta a hagu, ni ta jawo ni gabanta. Ta sha faɗa a kan haka. Manema biyu ta mayar, ta ce sai auta ya shiga makaranta.

Daren da muka dawo daga tafkin na kira ta. Bayan gaisuwa da tambayar yara na ce, “Yaya, yau tatsuniya zan ba ki, ta Turawa.” Ta yi dariya ta ce, “Ta zo mu ji ta.” Na ba ta tun daga farko, ba ta katse ni ba sai sau ɗaya, inda ta ce ai ƙanwar uwa ma idan zuciya ta ɓaci sai addu'a. Da na kai ƙarshe ta yi shiru har na duba ko layin ya yanke.

“Ita babbar, ta yi aure kuwa?”

“A'a Yaya, ta tsufa a haka.”

“Allah sarki,” ta ce. Sai na ji tana kiran wani yaro ya rufe mata ƙofar zaure, sannan ta dawo ta tambaye ni ko kuka da daddawar da ta aiko mini da su bara sun ƙare.