Ku kuka kawo min yaran da tsakar dare, yau kuma kun ce babu ruwanku

Ƙarfe goma sha ɗaya saura na dare wayata ta yi ƙara. Wata mata ce daga sashen kula da yara na ƙaramar hukumarmu a nan Ingila. Ta ce an kwantar da ƙanwata a asibitin masu taɓin hankali, 'ya'yanta biyu suna hannunsu, idan ban karɓe su a daren ba za a kai su riƙo gidan bare. Wace 'yar uwa ce za ta ji haka ta tsaya shawara? Kafin sha biyu ga su a ƙofata, a motar ma'aikaciyar. 'Yar shekara bakwai ta ƙanƙame jakar makarantarta, ɗan shekara uku yana barci a kafaɗar matar, takalmi ƙafa ɗaya. Kayansu kaf a cikin baƙar ledar shara. Na kwantar da su a gadona, ni na koma kujerar falo, kuma a kujerar nan na yi wata huɗu ina kwana.

Gari na wayewa matar ta dawo. Ta buɗe firij, ta leƙa banɗaki, ta tambayi wa da wa ke shigowa gidan. Ta gindaya min sharuɗɗa: kada uwarsu ta ɗauke su sai da izinin ofis, kada ubansu ya gan su ba tare da wani a wurin ba. Ta miƙo takarda na sa hannu. Ban yi musu ba.

Sai a mako na uku na ɗaga maganar kuɗi, kuma wallahi sai da na yi ta juya ta a baki kafin na faɗa. Na ajiye aikin dare don babu mai kwana da yara, albashina ya ragu kusan rabi. Ga gado, ga kayan makaranta, ga rigunan sanyi. Amsar ta zo ta imel, layi uku: wai zaman yaran a wurina shiri ne na cikin dangi, don haka nauyinsu ba ya kan hukuma.

Shiri na cikin dangi! Wane dangi ne ya kira ni da dare? Wane dangi ne ya tuƙo motar? Wa ya kafa min dokar wanda zai ga yaran da wanda ba zai gan su ba? An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

Daga baya na san ba ni aka fara yi wa ba, kuma doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 20 na Dokar Yara ta 1989 ya ɗora wa ƙaramar hukuma samar da matsuguni ga yaron da mai kula da shi ya kasa. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a wata shari'a da ƙaramar hukumar Southwark ta Landan: idan hukuma ce ta taka babbar rawa wajen kai yaro hannun wani, ba za ta dawo ta ce shirin ƙashin kai ne ba, sai fa in tun farko ta bayyana wa mutumin ƙarara cewa aljihunsa ne zai ɗauki nauyi. Ni babu wanda ya gaya min haka, a daren ko washegari. Akwai ma ƙa'idar da ta ba su damar amincewa da ɗan uwa a matsayin mai riƙo na wucin gadi har mako 16 kafin a gama bincike, a riƙa ba shi kuɗin riƙo kamar yadda ake ba kowane mai riƙo. Sun san wannan sarai. Ba su taɓa ambata min ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da tarbiyyarmu aka cuce ni. Mu riƙo ba baƙon abu ba ne. Ni kaina gwaggona ce ta riƙe ni tun daga yaye har na yi aure, ba a taɓa jin ta nemi kobo ba. Amma can akwai gida: kaka na nan, maƙwabta na nan, kawu zai aiko da buhun masara bayan kaka. Nan fa? Kuɗin haya, kuɗin gas, harajin kansul, duk wata a kaina ni ɗaya. Sun ga mace mai kunyar cewa a biya ta don ta riƙe jininta, sai suka jingina da kunyar.

Cikin wata goma sha huɗu ma'aikata biyar muka gani. Kowace sabuwa za ta zo ba ta karanta fayil ba, ta zaunar da yarinyar ta ce ta ba ta labarin daren da mamanta ta rikice. A karo na huɗu yarinyar ta kamo gefen zanina a kicin, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Inna, yau ma sai na sake faɗa?" A daren ta yi fitsarin kwance. Wannan riƙon sakainar kashi ne kuke kira kare yara?

Na kai ƙorafi yadda suka tsara. Matakin farko ƙa'ida ta ce kwana 10 na aiki, in abin ya yi sarƙaƙiya 20. Sai da na yi wata biyu ina jira, kuma manajar da ta yanke hukuncin farko ita ce ta amsa, ta wanke kanta. Na nemi mataki na biyu, inda mai bincike da wani mutum mai zaman kansa za su tona maganar cikin kwana 25 na aiki, iyakarsa 65. Yau wata bakwai ana ce min ana neman mai bincike. Kullum gafara sa, ban ga ƙaho ba. Mataki na uku, zaman kwamitin mutum uku, ba a isa gare shi sai an gama na biyu. Ni kuwa da zan makara da minti goma a ganawar da suka kira, sai an rubuta a fayil.

Kada wani ya ce bincike nake gudu. Na san labarin Victoria Climbié, yarinyar Kodebuwa 'yar shekara takwas da aka azabtar har ta mutu a Landan a Fabrairun 2000 a hannun wata 'yar uwar mahaifinta da saurayin matar, na san binciken Lord Laming ya nuna sau nawa hukumomi suka kau da kai. Ku shigo ku duba firij ɗina kullum, marhabin. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ku zama hukuma ranar kafa sharaɗi, ranar biyan kuɗi kuma ku ce magana ta dangi ce.

Kuma kada a ce min babu kuɗi. Yara sama da 80,000 ke hannun hukumomi a Ingila. A 2022 hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci ta ce manyan kamfanonin gidajen yara suna cin ribar da ta wuce ƙima. A shekarar ce rahoton bitar tsarin kula da yara da Josh MacAlister ya jagoranta ya ba da shawarar a riƙa tallafa wa dangi masu riƙo da kuɗi. Da na ce a'a a daren nan, da tun tuni suna zuba wa wani bare kuɗi a kan yaran nan duk mako ba tare da gardama ba.

Yanzu sun matsa min in je kotu in karɓi riƙon dindindin don su rufe fayil. Na gaya musu ba zan sa hannu a komai ba sai na ga rahoton mataki na biyu. Jiya na tura koke ofishin Ombudsman mai binciken ƙananan hukumomi, na haɗa da takardar da na sa wa hannu a safiyar farko, mai tambarinsu a sama. Ina neman kuɗin riƙo tun daga daren da suka ƙwanƙwasa ƙofata, da ma'aikaciya guda wadda za ta zauna har yaran su san fuskarta.