Zafin Gari da Lagireto: Nasiha ga Matasa Masu Riƙe da Sitiyari

'Yan'uwa matasa, ku da ke tuƙi da ku da ke koyon kanikanci, akwai maganar da ake yawan yi duk lokacin da rana ta ƙwalle, mota ta tsaya gefen titi tana fitar da tururi: "Ai zafin gari ne." Zafin gari yana da nasa hannun, ba musu. Amma motar da tsarin sanyaya injinta yake lafiya, an ƙera ta ne ta jure rana mai digiri 40 da ɗoriya ba tare da allurar zafin injin ta haura ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafi tona asirin lalacewar da ta daɗe a ɓoye yake yi, kuma mai mota ne ya ƙyale ta.

Ku fara fahimtar wannan: lagireto ba ya ƙirƙirar sanyi. Wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da injin ke ƙonawa yana komawa zafi ne da ruwa zai kwashe. Famfon ruwa ya tura ruwan cikin jikin injin, ruwan ya ɗauko zafin, ya kawo lagireto, lagireto ya miƙa wa iskar da ke ratsa shi. Yawan abin da iska za ta karɓa kuwa ya dogara da tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da zafin iskar. A ce ruwa yana kan digiri 95, gari yana kan 20, tazara 75 ke nan. Ranar da gari ya kai 42, tazarar ta dawo 53. Lagireton bai canza ba, amma ƙarfin aikinsa ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Masu ƙera mota sun bar rara saboda irin wannan rana. Abin da ke cinye rarar shi ne sakacinmu: ƙura da ƙwari da suka toshe fikafikan lagireto, tsatsa da ta cike hanyoyin ciki, fanka mai kasala, ruwa da ya yi ƙasa.

Ga kuma iyakwandishan. Kwandensarta a gaban lagireto take zaune, don haka iskar da za ta sanyaya ruwan injin sai ta fara kwasar zafin da aka fitar daga cikin mota. A ranar da aka fi buƙatar iska mai sanyi, a ranar lagireto ke samun wadda aka riga aka ɗumama, ga kwamfaresa tana ƙara wa injin nauyi. Ku leƙa tsakanin kwandensa da lagireto da tocila. A wannan ɗan lungun ne ganye da leda da gashin tsuntsu ke taruwa har su zama kamar tabarma, kuma daga waje ba a gani. A wanke da ruwa mai sauƙin ƙarfi, daga ɓangaren injin zuwa waje. Ruwa mai matsi sosai yana lanƙwasa fikafikan, ya zama an je gyara an ɓata.

Lokacin da allura ke hawa shi ma yana faɗa maka inda ciwon yake. In tana hawa a cunkoso, da ka samu hanya ta sauko, to iska ce ba ta isa, sai a duba fanka, fis ɗinta, rile, da na'urar da ke tayar da ita. Gwaji mai sauƙi: a yawancin motoci, da ka kunna iyakwandishan mota na tsaye, fanka za ta tashi ba da daɗewa ba. In kuwa a cikin gari lafiya lau, sai a doguwar hanya ko hawan tudu da kaya take hawa, to ruwa ne ba ya gudana yadda ya kamata: lagireto ya toshe daga ciki, ko famfo ya gaji, ko tiyon ƙasa ya yi laushi yana tsotsewa idan an taka totur.

Murfin lagireto fa? Shi ne abin da aka fi rainawa, alhali aikinsa babba ne. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, injin kuma yana aiki tsakanin 90 da 105. Abin da ke hana tafasa shi ne matsin da murfin ke riƙewa, galibi 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", kuma lambar tana rubuce a kansa. Da wannan matsin ruwa zalla sai ya kai wajen 120 kafin ya tafasa, haɗin ruwa da kulan (sinadarin da ake zubawa a lagireto) rabi da rabi kuwa ya kusa 130. Idan robar murfin ta tsage ko sifirin ya mutu, wannan kariyar ta tafi. Da sanyin safiya ba za ka lura ba. Da azahar, a cunkoso, ruwa zai yi ta amai ta robar ajiyar ruwan lagireto. A sayi murfi mai lamba daidai da na asali.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu, cire tamostat. Wasu na ɗauka cewa a ƙasa mai zafi ba shi da amfani, sai su cire su jefar. Don Allah ku daina. Tamostat ƙofa ce da ke rufe har ruwa ya kai zafin aiki, a mafi yawan injina tsakanin digiri 82 da 92, sannan ta buɗe zuwa lagireto. A rana mai zafi dama a buɗe take, don haka cire ta ba ya ƙara wa lagireto ƙarfi ko kaɗan. Abin da yake jawowa shi ne injin ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta yi ta zuba fetur fiye da kima, baƙin mai ya gurɓace, zoben fistin da bangon silinda su riƙa cinyewa. A wasu injinan ma tamostat ɗin ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin; in babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa kauce wa lagireto, zafin da ake gudu ya ƙaru. In ana zarginsa, a saka shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta tare da ma'aunin zafi, a ga ko zai buɗe a lambar da ke jikinsa. In ya ƙi, a sa sabo.

Sanyi ma yana da tasa ɓarnar. Inda gari ke sauka ƙasa da sifili, ruwa zalla yana daskarewa, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma hakan ya isa ya fasa lagireto ko jikin injin. Haɗin rabi da rabi ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Kada kuma a ce bari a zuba kulan mai kauri zalla don ya fi ƙarfi: shi kaɗai yana daskarewa tun a wajen 13 ƙasa da sifili, kuma bai kai ruwa iya ɗaukar zafi ba. Wanda ke inda ba a ƙanƙara ma yana buƙatarsa, saboda maganin tsatsa da ke ciki. Ruwan famfo ko na rijiya yana barin farin dutse a cikin siraran bututun lagireto, irin wanda ake gani a gindin buta. A haɗa da tataccen ruwa, a bi nau'in da littafin mota ya ce, kada a cakuɗa iri biyu. Tsohon nau'i ana canza shi duk shekara 2, mai dogon zango yana kaiwa 5. Kulan guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, a nesanta shi da yara da dabbobi.

Idan allura ta doshi ja kana tafiya, kashe iyakwandishan, kunna hita zuwa ƙarshe da fankarta, domin hita ƙaramin lagireto ce. Nemi wuri ka tsaya ka kashe injin. Kada ka ce saura kaɗan in isa. 'Yan mintuna sun isa su lanƙwasa kan injin na alminiyam su ƙone gasket. Kada ka taɓa murfin, ruwan da ke ƙarƙashinsa ya wuce digiri 100, da ka sassauta zai yi tsiri ya sale fuska da hannu. Jira aƙalla minti 30, har tiyon sama ya yi laushi ka iya riƙe shi, sannan ka dafa murfin da tsumma mai kauri ka murɗa a hankali. Kada a kwara ruwan sanyi a kan injin mai zafi, ƙarfe yana tsagewa.

Bayan an cika ruwa an fitar da iskar da ta maƙale, a sa ido kwana biyu: farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan injin ya ɗumama, baƙin mai da ya koma kamar madara a jikin sandar gwaji, kumfa na tasowa a robar ajiya, ko ruwa na raguwa ba a ga inda yake yoyo ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, a ajiye motar a gwada matsin silinda kafin a sake hawa hanya da ita.