Ciwon dajin hanta: a duba buhun gyaɗa kafin a zargi maƙwabci

Saƙon muryar da ke yawo a WhatsApp kwanakin nan, inda wani mai magani ke rantsuwa cewa ciwon daji jifa ne kuma kwalbarsa na karya shi, ya ɓata mini rai ƙwarai. Dattawa ma turawa suke yi, har da "Allah ya saka da alheri".

A cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai wani furotin mai suna p53, wanda masana suka gano a 1979. Aikinsa gadi ne. Idan rubutun gado na ƙwaya, wato umarnin da ke cikinta na yadda za ta yi aiki, ya samu tangarɗa, shi ke kunna wasu sassan rubutun: ya tsayar da ƙwayar kada ta rabu sai an gyara, in gyara ya gagara ya sa ta mutu. Ranar da mai gadin kansa ya lalace, gurɓatacciyar ƙwaya sai ta yi ta haihuwa ba mai tsawata mata, ƙari ya fito, ya girma, ya bazu. Kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam an iske p53 ɗinsu a lalace.

To me ke lalata shi a nan Maraɗi, garin gyaɗa? Tun 1991 bincike a China da kudancin Afirka ya nuna cewa afalatoksin, dafin da hunhuna ke zubawa a gyaɗa da masara, yana bugun sashen rubutun gado mai samar da p53 a wuri guda, mai lamba 249, cikin hanta. In ya tarar da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ya ninka sau da yawa.

Na tsaya a kasuwa ina kallon wata baiwar Allah tana tsince gyaɗa. Masu kyau tiya guda, ƙwandararru masu baƙi-baƙi da kore a wani kwano. Na ce, "Inna, waɗannan zubarwa za ki yi?" Ta ce a'a, masu ƙuli-ƙuli na saye da arha. Ƙuli-ƙulin nan ƴaƴanmu ke ci a bakin makaranta.

Masu cewa "ai wuta na kashe komai" su sani suya ba ta kashe wannan dafi. Masu cewa kakanninmu sun ci ba su mutu ba, wa ya auna hantar waɗanda aka binne da kumburin ciki?

Wanda ciwon dajin ya kama sai Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, galibi bayan aiki ya riga ya ɓaci. A shanya gyaɗa ta bushe sarai, a ɗaga buhu daga ƙasa, a kai jarirai rigakafin ciwon hanta. Hukuma kuma ta fara auna abin da ke shiga kasuwa, ta kira mai kwalbar nan ya zo ya yi bayani.