Greenberg, Ba'amurken da ya zauna da Maguzawan Kano

Wallahi abin yana damuna, kullum muna ta musu a Facebook kan asalin Hausa amma da wuya ka ji an ambaci masanin harsuna Joseph Greenberg, alhali a ƙasar Kano mutumin nan ya fara aikinsa.

A Brooklyn ta birnin New York aka haife shi a 1915, ya yi karatu a jami'ar Columbia, sannan ya wuce jami'ar Northwestern wajen malaminsa Melville Herskovits yana nazarin al'adun ɗan Adam. A 1938 zuwa 1939 ya zo ƙasar Hausa, ya koyi Hausa da bakinsa, ya shiga ƙauyukan Maguzawa yana tambayarsu zancen iskoki da bori da yadda Musulunci ya ratsa al'adunsu duk da ba su karɓe shi ba, da wannan binciken ya samu digirin dakta a 1940. Ka duba fa, saurayi ɗan shekara 23, daga New York zuwa tsakar gidan Bamaguje.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya rushe shirmen nan na rukunin harsunan da ake kira "Hamitic". Kafin shi wasu Turawa irin su Meinhof suna raba harsunan Afirka ne suna kallon hasken fata da kiwon shanu, har suka cusa Fulatanci a wannan rukuni. Shi ko ya ce a ajiye zancen fata, a jera kalmomi da nahawu a gwada. Da ya gwada sai ga Fulatanci ɗan'uwan Serer da Wolof na Senegal ne, Hausa kuma tana reshen Chadi cikin babban gidan da ya kira Afroasiatic, gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye. A littafinsa na 1963 ya kasa harsunan Afirka gida huɗu.

Ba wai komai nasa aka karɓa ba, aikinsa na 1987 kan harsunan 'yan asalin nahiyar Amurka ya sha suka sosai, kuma har yau ana jayayya kan Nilo-Sahara, ɗaya daga cikin gidajen nan huɗu. Amma inda ya ajiye Hausa tana nan daram.

Tun 1962 yake jami'ar Stanford har ya rasu a 2001. Ɗalibanmu na sashen Hausa, don Allah ku nemi maƙalarsa ta 1960 kan tasirin Barebari a kan Hausa ku karanta da kanku, a can ya ce ta Barno kalmomin karatu da rubutu suka shigo mana.