Gaskiyar Yaro a Littafin Gwaji Ake Ganinta

Malamai da iyaye, ku ɗauko katin sakamakon ɗanku na sakandare ku duba ƙasa ko bayansa. Akwai wani ɗan jadawali na ɗabi'a: zuwa kan lokaci, tsafta, gaskiya, ladabi, zama da mutane, kowanne da maki daga 1 zuwa 5. Wa ke cika shi? Malamin aji, a yammaci guda, ga yara saba'in ko tamanin, wasunsu ko fuskarsu ba zai iya tunawa ba. Sai ya bi layi yana sa 4, 4, 3, 4. Da wannan muke cewa muna auna tarbiyya.

Ra'ayina shi ne, muddin aka bar tarbiyya a hannun malamin addini da malamin Sibik kaɗai, ba za ta kama ba. Yaro zai haddace cewa ƙarya haramun ce ya ci 80 a jarrabawa, ya fito ya shiga ɗakin gwaji ya ƙirƙiri lamba, malami ya ba shi maki cikakke. Darasin na biyu shi ne zai zauna masa, domin shi ne wanda ya aikata da hannunsa kuma aka saka masa.

Mu ɗauki Kemistiri, aikin taitireshan da kowane ɗan SS2 da SS3 ya sani. Ana zuƙo mililita 25 na ruwan alkali da fifet, wato siririn bututun gilashi na awo, a zuba a kwalba, a ɗiga sinadarin nuna launi sau biyu ko uku, sannan a riƙa sakin asid daga biyuret, dogon bututu mai ma'auni da famfo a ƙasa, har launi ya juya. A maimaita, ana neman sakamako biyu da tazararsu ba ta wuce 0.2 ba. Abin da ke faruwa a yawancin makarantunmu shi ne, biyuret biyar ne ga aji guda, lokaci minti 80, sai mutum ɗaya ya yi, saura su kwafa. Wanda nasa ya fito 26.40 alhali na maƙwabcinsa 23.10 ne, sai ya goge ya rubuta 23.20. Wani lokacin ma malamin ne ke rubuta lambar a allo. Yaron nan an koya masa gyara lamba don ta yi daidai da abin da na sama ke so. Gobe idan ya zama ma'aikacin ɗakin gwajin jini a asibiti, ko akawu a ofis, hannun ya riga ya saba.

Gyaran bai buƙatar kuɗi. Littafin gwaji da biro za a rubuta shi, ban da fensir, ban da abin gogewa. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta sabon a gefe. Malami ya sa hannu kan lambobin tun yaro yana tsaye a teburin, kafin ya fara lissafi. Sannan a sauya rabon maki. A cikin 10, a ba da 4 don lambobin da aka gani da ido ko da sun kauce, 3 don lissafi, 3 don bayanin abin da ya jawo kaucewar: kumfar iska ta maƙale a bakin biyuret, ko ba a ɗauraye shi da asid ba, ko an karanta ma'auni daga sama maimakon daidai ido, ko an wuce inda launi ya juya. Ta haka wanda ya kawo 26.40 da bayani mai ma'ana zai fi wanda ya kawo 23.10 na kwafe. A mako uku na farko za su yi ta gunaguni, daga nan su gane inda makin yake.

Haka abin yake a Fizis da gwajin lilo. Kowa ya san amsar, wato ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, tana kusa da 9.8, don haka masu wayo daga amsa suke farawa su koma baya su ƙera lokutan. Alamar ita ce ɗigogin jadawalinsu duk sun hau layi ɗaya cif, abin da agogon hannu da zare ba sa bayarwa. Malamin da ya ga haka ya miƙa wa yaron agogo ya ce ya ƙirga lilo 20 a gabansa. Ba sai an yi zagi ko bulala ba.

Malamin Lissafi kuwa kasuwa na ƙofarsa. Maimakon misalan riba da faɗuwa na garuruwan da yara ba su taɓa gani ba, a kawo na Sabon Gari ko Tudun Wada a Zariya. A ce buhun masara na ɗaukar tiya 40. Mai awo ya bubbuge gindin tiyarsa har ta rage kashi ɗaya cikin goma. Tiya nawa zai fitar daga buhun? Amsa 44 da ɗoriya. Idan yana sayar da buhu goma a mako, nawa ya ci na mutane a shekara? Bari su lissafa da kansu, su ga adadin, kada malami ya ɗora wa'azi a kai. Wanda ya karanta Suratul Muɗaffifina a Islamiyya zai haɗa da kansa, haka ma ɗan Wusasa da ya ji maganar ma'aunin gaskiya a coci. Af, wannan ma wata fa'ida ce: lokacin darasin addini aji rabuwa yake yi biyu, amma a Lissafi kowa na zaune.

Tarihi ma akwai aiki. A ba su labarin Sarauniya Amina da ganuwar Zazzau kamar yadda majiyoyi biyu suka kawo shi, a tambaye su wa ya faɗa, yaushe aka rubuta, ina suka saɓa. Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi uku zai ɗan dakata kafin ya tura jita-jitar WhatsApp. A Aikin Gona, a raba kunya-kunya ga rukunin mutum biyar da jadawalin ban ruwa mai suna da rana. Idan shuka ta bushe, takarda za ta nuna ranar wa aka tsallake. Kada rukuni ya wuce biyar, in ya wuce sai biyu su yi aiki saura su fake.

Na san abin da abokan aiki za su ce: manhaja ta yi yawa, WAEC da NECO na tafe, aji ya cika, albashi bai kai wata. Duk gaskiya ne. Shi ya sa ban ce a ƙara darasi ko minti ɗaya ba, yadda ake ba da makin gwaje-gwajen cikin zango kawai za a taɓa, kuma wannan a hannun malami da shugaban sashe yake. Inda abin ke rushewa shi ne ranar babbar jarrabawa. Idan makaranta ta karɓi kuɗin "taimako" daga iyaye aka rubuta amsa a allo, shekara ukun nan ta tafi a banza, ko da yake tun 1999 akwai dokar tarayya da ta haramta maguɗin jarrabawa. Zariya, garin da ke da kwalejojin Barewa da Alhudahuda, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 tana yaye malamai, bai rasa masu iya tsara wannan ba.

Iyaye, idan an koma hutu ku ce yaro ya kawo littafin gwajinsa ku buɗe. Idan kun ga shafi bayan shafi tsaf, babu inda aka ja layi a kan kuskure ko sau ɗaya, ku je makarantar ku tambayi malamin sau nawa yaron ya riƙe biyuret da hannunsa a zangon.