Bashin benayen ofis a Amurka: ciwon da matsakaitan bankuna ke lulluɓewa

A tsakiyar 2024 aka yi gwanjon wani bene mai hawa 23 a Manhattan, cikin birnin New York, aka sallama shi a kan dala miliyan 8.5. A 2006 dala miliyan 332 aka saye shi. Gaskiya ne an riga an sayar da filin da yake kai daban, don haka lissafin bai kai munin da ake zato ba. Duk da haka, duk bankin da ke riƙe da takardun bene irin wannan a matsayin jingina, ranar ya kwana da tunani.

Abu biyu ne suka haɗu wa masu waɗannan gine-gine. Annobar korona ta koya wa ma'aikata aiki daga gida, kamfanoni suka rage faɗin wurin da suke haya, har kamfanin Moody's mai nazarin harkokin bashi ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 20 cikin 100 na ofisoshin manyan biranen ƙasar babu kowa a ciki. Sai kuma babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a Maris 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin 100 a Yulin 2023.

Na biyun ya fi ciwo, saboda yadda ake ƙulla irin wannan bashi. Shekara biyar ne zuwa goma, kuma galibi ruwan kawai ake biya a kai a kai, uwar kuɗin tana nan kwance sai wa'adi ya cika. Mai gini bai taɓa shirin biyan ta daga aljihunsa ba. Dabararsa ita ce ya ci sabon bashi ya rufe tsohon. A ɗauka ya ci dala miliyan 100 da ruwa kashi 3.5, yana biyan miliyan 3.5 a shekara. Wa'adi ya zo, aka ce masa yanzu kashi 7 ne, ga hawa uku sun zama kufai, mai ƙiyasi kuma ya ce ginin bai kai kuɗin da ake bin sa ba. Mutumin nan zai iya ajiye wa banki mukulli ya kama gabansa. Shi kuwa banki kasuwancinsa kuɗi ne, bai iya gyaran lifta ko farautar 'yan haya ba.

Wajen kashi biyu cikin uku na bashin gine-ginen kasuwanci da ke hannun bankunan Amurka, ƙanana da matsakaita ne ke ɗauke da shi. Wasu kan haɗa wannan da faɗuwar bankin Silicon Valley a ranar 10 ga Maris 2023, amma cutarsa daban ce: takardun lamuni da ya tara suka faɗi daraja, masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 a rana ɗaya. Bankin da ya fi nuna hoton matsalar shi ne New York Community Bancorp. A ƙarshen Janairun 2024 ya bayyana asara, ya zaftare rabon masu hannun jari, hannayen jarinsa suka zube da fiye da kashi ɗaya cikin uku a wuni guda. Sai da wasu masu zuba jari ƙarƙashin tsohon sakataren baitulmali Steven Mnuchin suka ɗura masa sama da dala biliyan 1 a watan Maris kafin ya tsaya da ƙafarsa. Iskar ma ta kaɗa har Japan, inda bankin Aozora ya tafka asara saboda bashin ofisoshin Amurka.

Ban yarda da masu hasashen sake aukuwar babban rikicin kuɗi na 2008 ba. Wa'adin basussukan a warwatse yake cikin shekaru, rumbunan ajiyar kaya da cibiyoyin adana bayanan kwamfuta na samun kasuwa, sababbin benaye masu kyau kuma na cika da 'yan haya. Shugaban babban bankin na lokacin, Jerome Powell, ya faɗa wa 'yan majalisar dattawa a Maris 2024 cewa wasu bankuna za su faɗi amma ba manya ba, kuma ina ganin bai yi kuskure ba.

Abin da ke damuna shi ne maganin da aka zaɓa: a ƙara wa mai bashi wa'adi, a yi kamar lafiya lau. Hukumomin sa ido da kansu sun buɗe ƙofar lallaɓa masu bashi a wata sanarwa ta Yunin 2023. Ga ginin da ke da 'yan haya, kuɗin ruwa ne kawai ya shaƙe shi, ɗaga ƙafa hikima ce, musamman da aka fara rage ruwan a Satumbar 2024. Amma tsohon bene mai duhu wanda ba mai so, ko an ba shi shekara goma ba zai cika ba. Mai da shi gidajen kwana ma ba kowane gini ke yarda ba, don tsakiyarsa babu taga, famfo kuma sai an sake ja daga tushe.

Kuɗin da aka daskarar a irin wannan gini, wani ake hanawa. Mai ƙaramar masana'anta a Ohayo ko mai gidan abinci a Kansas ba ya zuwa Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi ta New York, neman rance, bankin yankinsu yake zuwa, wurin manajan da ya san shi. Bankin da ke ɓoye rauni kuwa hannunsa ƙanƙamewa yake yi. Haka biranen da ke dogaro da harajin gine-gine za su ga kuɗin shigarsu na raguwa sannu a hankali.

Tun 2006 hukumomin Amurka ke da ma'auni: bankin da irin wannan bashi ya ninka jarinsa sau uku, a ƙara sa masa ido. To, a fara da waɗannan. A tilasta musu sake ƙiyasin jinginar da ke hannunsu da farashin yau, su rubuta asarar a littafi, wanda jarinsa ya gaza a nema masa mai saye tun masu ajiya ba su ji a waya ba.