Rambon kaset ya fi Rambon fim gaskiya

Jiya da dare a fada, ana jiran shayi na biyu, wani ƙanenmu ya leƙa wayata ya ga wasan gem ɗin Rambo da nake bugawa, sai ya tuntsire da dariya. Wai, "Yaya, wannan ne Rambon naku? Mutum da jan wando yana faɗa da gizo-gizo?" Aka yi mini ca, kowa na cewa wasan banza ne. Ban samu bakin magana ba a can, shi ya sa na kawo ƙarata nan.

Da farko a raba gardama. Wanda yawancinku kuke tunawa, na mutum biyu masu harbi ba ƙaƙƙautawa, sunansa Contra, na kamfanin Konami. Mu ne muka laƙaba masa Rambo saboda ɗaurin kai da bindiga. Rambo na ainihi daban yake. Wani kamfanin Japan, Pack-In-Video, ya fitar da shi a 1987 domin na'urar wasa ta Nintendo, kamfanin Acclaim kuma ya kai shi Amurka a 1988. An ɗauko shi daga fim na biyu, na 1985, wanda aka tura Sylvester Stallone Biyetnam ya ɗauki hoton sojojin Amurka da ake tsare da su, da sharaɗin kada ya yi faɗa da kowa.

Mu a Tawa ko ta Nintendo ba mu gani ba. Tamu ta China ce, baƙa, mai kaset rawaya, kawuna ya zo da ita daga Abijan wata shekara da ya dawo gida noma. Ana sa ta a telen zaure. Kaset ɗin in ya ƙi, a hura masa iska a mayar. Adafta ta yi zafi har sai an ɗora ta a kan randa. Mu kusan goma, hannu guda ke bugawa, saura suna ba da umarni kamar masu kallon kokawa.

To ga inda aka yi mana ba-zata. Mun haddace fim ɗin a gidan bidiyo, dala biyar kowane shiga, mun san inda jirgin sama zai fashe. Muka zaci da an kunna sai ruwan harsashi. Ina! Sai surutu da Ingilishi, mu kuwa ƴan lakwal ne, Faransanci ma da ƙyar. Kanar Trautman, maigidan Rambo a soja, ya tambaye ka ko za ka tafi, in ka ce a'a ba inda wasan zai motsa sai ka ce e. Daga nan a jefa ka daji da ƴar wuƙa wadda ba ta kai tsawon ta yankan albasa ba. Maciji ya sare ka, tsuntsu ya cake ka, gizo-gizo ya sauko maka. Ka daɗe kana wahala kafin ka ga soja ɗaya, balle bindiga. Hanya kuma sai ka tsaya kan harafin N ko S da ke ƙasa ka danna, ta kai ka wani fegi mai kama da wanda ka baro sak. Ɓata muke yi kwana da kwanaki.

Ban ce ba shi da aibi ba. Wuƙar gajera ce, tsallen kamar na mai ciwon baya, kuma duk wanda ya taɓa buga Zelda na biyu, wanda shi ma na 1987 ne, zai ga inda aka leƙa aka kwafa. Na'urar kanta ƙwaƙwalwar aikinta kilobayit 2 ce kacal, hoton da ka tura wa budurwa da safe ya ninka ta sau ɗaruruwa. Ba a ajiye wasa, sai dai a ba ka wata doguwar kalmar sirri ka rubuta. A bayan kayen lissafina nake rubutawa. Ran nan na rikita sifili da harafin O, aikin sati biyu ya bi ruwa, na yi kuka har da majina.

Amma abin da ya sa har yau nake kare shi, maganar kawu ce. Wata la'asar yana zaune kan tabarma yana kallonmu muna ta yawo a dajin nan, mun rasa gabas mun rasa yamma. Sai ya ce, "Kai, ɗana, wannan ya fi na bidiyo gaskiya." Na ce, "Kawu, ta yaya?" Ya ce shi da ya fara sauka kurmi ba wanda ya tare shi da bindiga. Sauro ne, da zazzaɓi, da yaren da ba ya ji, da hanyar da kowace ta yi kama da ƴar'uwarta. Kuma wanda ya yi masa alkawarin aiki ko ƙeyarsa bai gani ba.

A lokacin dariya muka yi. Sai da na girma, na ga yadda Adar, yankinmu na Tawa, ke zubewa bayan girbi, samari na cika motocin Konni da na Agadas, sannan na gane. Fim ɗin yana sayar maka da mafarkin namiji guda ya gama da runduna. Wasan kuwa, ko da gangan ko don gazawar masu yin sa, ya nuna maka baƙo a ƙasar mutane, hannu wofi, ba ya jin abin da ake faɗa masa, yana tara ƙarfi kaɗan-kaɗan daga ƙananan wahalhalu. Har cin amanar Murdock, wanda ya tura Rambo sannan ya sa jirgi ya juya ya bar shi, kawu ya ce ya san irinsa da ido.

Mu ba mu taɓa kai ƙarshensa a zaure ba. Adaftar ta ƙone wata damina, aka ajiye na'urar a kan katanga har rana ta cinye ta. Sai makon jiya na gama shi a waya, bayan shekara kusan talatin. Ashe in ka koma sansani, kana iya jifan Murdock da wani harafin Japan ya rikiɗe ya zama kwaɗo. Na tafi har gida na nuna wa kawu. Ya sa tabarau, ya daɗe yana duban kwaɗon yana tsalle, sannan ya ce in sake masa daga farko.